Da tsohuwar zuma ake magani: Tsofaffin malaman Libreville da kwamfutar da ta shigo aji

A da can, idan zangon karatu ya zo ƙarshe a makarantun sakandaren Libreville, babban birnin ƙasar Gabon, kayan aikin malami ba su wuce jan biro da babban littafin maki ba. Zai duba takardun jarrabawa, ya ba kowane yaro makinsa bisa 20 kamar yadda ake yi a ƙasashen renon Faransa, ya ninka da nauyin darasinsa, sannan ya bi takardun sakamako ɗaya bayan ɗaya yana cikewa da hannu. Yau kuwa lamarin ya sauya. Ma'aikatar Ilmi ta ƙasar tana da wata manhaja mai suna Xgest, a cikinta ake shigar da maki, ita ce kuma ke fitar da takardar da yaro zai kai wa iyayensa. Malamin da bai shigar da nasa ba, ya riƙe sakamakon aji guda ke nan.

Ga matashin malamin da ya tashi da wayar salula a hannu, wannan aikin awa ɗaya ne ko biyu. Amma ga dattijon da ya fara koyarwa tun kafin a haifi wannan matashi, wanda idonsa ya fara rauni kuma yatsunsa ba su san komai ba sai alli, abin yakan zama ciwon kai, wani lokacin har da zubewar girma. Wannan dattijo shi ne muke son mai karatu ya duba tare da mu a yau, domin irinsa na nan a Libreville, yana nan a Kano da Zariya, yana kuma nan a Maraɗi.

Intanet ta riga horaswa isowa

Gabon ƙasa ce mai arzikin man fetur da ma'adinin manganis da katako, ga kuma ƙarancin jama'a, domin al'ummarta ba ta kai miliyan 3 ba. Kusan mutum 9 cikin 10 a birane suke zaune, kuma a ƙidayar 2013 Libreville kaɗai tana da fiye da mutum 700,000. Wannan ya sa isar da hanyoyin sadarwa ga jama'a bai yi mata wuya kamar yadda yake yi wa Najeriya ko Nijar ba. Wayar intanet ta ƙarƙashin teku mai suna SAT-3 ta fara aiki a 2002, ta biyun mai suna ACE ta biyo baya a 2012, kuma dukansu sun sauka a Libreville. Alƙaluman hukumomin duniya na nuna kimanin mutum 7 cikin 10 a ƙasar suna amfani da intanet.

To amma idan aka leƙa cikin aji sai a ga wani hoto daban. A makarantun gwamnati na birnin, aji mai ɗalibi 80 ko fiye ba baƙon abu ba ne, har ta kai wasu makarantun suna raba yini biyu, wasu yara su zo da safe, wasu da rana. Haka kuma wutar lantarki ta yi ta yankewa a 2024 da 2025, har sai da hukumomi suka ɗauko jiragen ruwa masu samar da wuta na kamfanin Karpowership na ƙasar Turkiyya don cike giɓi. Wato dai intanet tana aljihun yaro, amma ba lallai ne a samu majigi ko soket mai wuta a ajin da yake zaune ba.

Mu ɗauki misalin malamin lissafin da ya fito daga babbar makarantar horar da malaman sakandare ta Libreville, wadda ake kira ENS, a ƙarshen shekarun 1980, ko kuma ɗaya daga cikin malaman da suka zo daga Benin da Togo da Senegal da Kamaru a zamanin da kuɗin mai suka buɗe ƙofar aiki. Ba a koya masa kwamfuta a makaranta ba, domin babu ita a lokacin. Duk da haka bai kamata a ce masa baƙon sauyi ba. Ya ga zamanin tafireta, ya juya injin sitansil da hannunsa har tawada ta ɓata masa riga, ya ga shigowar fotokwafi da ƙaramar na'urar lissafi, kuma duk ya bi ya saba. Bambancin kwamfuta da waɗancan shi ne, ita ce na'ura ta farko da ta shigo makaranta ta tarar ɗalibi ya riga malaminsa saninta.

Shekarar da korona ta rufe makarantu

Idan mai karatu bai manta ba, a watan Maris na 2020 ne cutar korona ta ɓulla a Gabon, nan take kuma gwamnati ta rufe makarantu, sannan a watan Afrilu aka killace Libreville da kewayenta. Ma'aikatar Ilmi ta ƙaddamar da shirin da ta kira Apprendre à la maison, wato koyo daga gida, inda aka riƙa ba da darussa ta talabijin da intanet, musamman ga 'yan ajin da ke fuskantar jarrabawar fita. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare sun koma a watan Yuli don shirin jarrabawar bakaloriya, sauran kuwa sai wajen ƙarshen shekara.

A wannan tsakani ne dattijon malami ya gane cewa babu sauran wurin ɓuya. Wanda bai taɓa tura hoto ta waya ba, ga shi ana son ya tura darasi guda. Dabarar da ta fi karɓuwa a ƙasashenmu a lokacin ba ta buƙaci wata babbar na'ura ba. Malami zai rubuta darasinsa da hannu a farar takarda kamar yadda ya saba yi a allo, a ɗauki hotonta, a tura wa yara ta WhatsApp, sannan ya danna ya yi bayani da muryarsa. Yaro ya yi aikin a littafinsa, ya ɗauki hoto ya mayar. Duk wanda ya lura zai ga cewa allo da alli ne dai suka canza riga. Ilmin na malamin ne, tsarin darasin nasa ne, waya ɗan aike ce kawai.

Mu ma'aikatan rediyo mun san wannan hanya, domin mun bi ta. Da yawanmu da kaset muka fara aiki, manyanmu kuwa da reza suke yanke faifan zare su liƙa. Da aka kawo kwamfutar tace sauti, yaran da muka ɗauka aiki jiya su ne suka nuna mana inda ake dannawa. Sai dai bayan wata biyu ko uku, da hannu ya faɗa, an dawo inda aka fito, domin sanin maganar da za a yanke da wadda za a bari a cikin hira ba ya cikin na'ura. Haka abin yake a aji.

Kunya ta fi na'urar wuya

Sau da yawa idan ana maganar tsofaffin malamai da kwamfuta, sai a ce ƙwaƙwalwarsu ce ta daina ɗauka. Mu dai ba mu yarda da wannan ba. Mutumin da ya shekara 30 yana warware lissafin da ke sa ɗalibai gumi, ba buɗe shafi da rubuta kalmar sirri ne za su gagare shi ba. Abin da ke daƙile shi kunya ce. Jarin malami a gaban yara 80 shi ne kwarjini. Ranar da ya tsaya yana laluben madanni, wani yaro daga bayan aji ya ɗaga murya ya gaya masa ba nan ake taɓawa ba, aji ya fashe da dariya, to a ganinsa wani abu ya zube wanda ba ya kwasuwa. Shi ya sa wani zai gwammace ya ce na'urar ba ta da amfani, da ya ce bai iya ba.

Akwai kuma matsaloli na zahiri da masu tsara shiri a ofis ba sa tunawa da su. Rubutun waya ƙanana ne ga mai shekara 58. Kuɗin data daga aljihun malami suke fita. Taron horaswa na yini biyu ko uku, wanda wani matashi zai tsaya yana sauri da kalmomin da ba a fassara ba, ba ya barin komai a kai in ba takardar shaida da hoton rufe taro ba. Idan malami ya koma makarantarsa ya tarar babu kwamfutar da zai gwada abin da aka nuna masa, cikin mako biyu ya manta. Daga nan sai ya koma neman ɗansa ko wani ƙaramin malami ya shigar masa da maki, ya miƙa kalmar sirrinsa ga wani, alhali sakamakon yara amana ce da bai kamata ta bi hannu biyu ba.

Ba za a ce ba a yi ƙoƙari ba. A 2014 hukumar UNESCO da kamfanin Airtel na Gabon sun ƙulla yarjejeniyar shirin horar da matasa 5,000 kan fasahar sadarwa, wanda a cikinsa har da koya wa malaman sakandare yadda za su taimaki ɗalibai ta intanet. A 2021 kuma asusun UNICEF da Airtel Africa suka sanar da shirin shekara 5 na Dala miliyan 57 don haɗa makarantu da intanet a ƙasashe 13, ciki har da Gabon da Nijar da Najeriya. Tambayar da iyaye ya kamata su riƙa yi ita ce, a cikin irin waɗannan kuɗi nawa ne ke tafiya ga sayen kaya, nawa ne kuma ke tafiya ga zama da malami har hannunsa ya faɗa?

Alaramma da wayar almajirinsa

Hausawa ba baƙi ba ne a Gabon. Fatauci ya kawo kakanninsu ta Kamaru fiye da shekara 100 da suka wuce, suka zauna a garuruwan arewacin ƙasar irin su Bitam da Oyem da Minvoul, daga baya wasu suka gangaro Libreville, inda suka haɗu da 'yan uwansu da suka zo daga Najeriya da Nijar. Duk wanda ya shiga babbar kasuwar Mont-Bouët zai ji Hausa. 'Ya'yansu suna zuwa boko da Faransanci, da yamma ko ranakun hutu kuma su tafi gaban malamin allo. Shi ma wannan malami zamani bai ƙyale shi ba.

Yaro yakan zo da waya ɗauke da Alƙur'ani cikakke da muryoyin manyan makaranta na ƙasashen Larabawa. A nan ne ake gane amfanin dattijo. Karatun da aka gada a tsangayun ƙasar Hausa da Barno na ruwayar Warshu ne, da irin rubutun da ake ɗiga wa harafin fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Mafi yawan manhajojin waya kuwa da ruwayar Hafsu suke buɗewa, da rubutun Gabas. Dukansu ingantattu ne, amma yaron da ke biya allonsa da Warshu da rana, ya kwana yana sauraren Hafsu, zai cakuɗa su ba tare da ya sani ba, kuma wayar ba za ta ce masa ya yi kuskure ba. Alaramman da ya ƙi waya gaba ɗaya ya bar almajirinsa cikin ruɗu. Wanda kuwa ya ce, "Kawo mu gani, ɗana," ya sa aka nemo masa manhajar da ke da Warshu, ko ya karanta da bakinsa aka naɗa yaro ya tafi da shi gida, ya samu mataimakin da ba ya gajiya da maimaici.

Darasin Yamai da Bouaké

Wannan ba shi ne karo na farko da aka yi wa Afirka alkawarin cewa na'ura za ta maye gurbin ƙwararren malami ba. A 1964, da taimakon Faransa, Jamhuriyar Nijar ta fara koyar da 'yan firamare ta talabijin daga Yamai, inda aka ajiye masu kula da aji da ba su yi dogon horo ba, akwatin ne ke ba da darasi. Ƙasar Kwaddibuwa ta ɗauki abin da girma a 1971, da cibiya a garin Bouaké, ta baza akwatuna a dubban azuzuwa. Zuwa farkon shekarun 1980 an rufe shirin, bayan koke-koken iyaye da malamai kan raunin yara a rubutu, ga kuma tsadar kula da kayan.

Bayan shekara 40, rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a harkar ilmi ya zo da magana mai kama da wannan. Ya kawo misalin ƙasar Peru, inda aka raba kwamfutocin tafi-da-gidanka fiye da miliyan 1 ba tare da an saka su cikin tsarin koyarwa ba, kuma karatun yara bai ƙaru ba. Ya ce rabin ƙasashen duniya ne kawai ke da ma'aunin horar da malamai kan fasahar zamani, sannan karatun nesa na lokacin korona bai kai ga aƙalla kashi 31 cikin 100 na ɗaliban duniya ba. Su kansu ƙasashen da suka ci gaba suna taka burki. Faransa ta hana amfani da waya a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018, Suwidin kuma a 2023 ta koma zuba kuɗi a littattafan takarda.

Akwai wani abin lura game da ita Gabon ɗin. A gwajin PASEC na 2019, wanda ya auna 'yan firamare a ƙasashe 14 masu amfani da Faransanci, Gabon ce ta zo kan gaba a iya karatu a ƙarshen firamare, inda fiye da yara 9 cikin 10 suka haye ma'auni. An samu wannan sakamako ne kafin korona. Alli da allo da malaman da ake cewa sun tsufa ne suka kawo shi.

Mu leƙa gida

A Najeriya maganar ta fi zafi, domin doka ta ƙara wa malami zama a aji. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki. A ɗaya ɓangaren kuma, tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga jami'a kacokan kan kwamfuta, WAEC ta fara nata gwajin da masu zaman kansu a 2024, ita ma hukumar rajistar malamai ta TRCN da kwamfuta take jarraba masu neman lasisi. Ke nan malamin da zai shirya yaro ya zauna gaban kwamfuta ranar da za a yanke makomarsa, ba zai yiwu a ce shi bai taɓa zama gabanta ba.

Mun kuma ga hanyar da Jihar Kaduna ta bi a 2017 zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i, lokacin da aka jarraba malaman firamare kimanin 33,000, aka ce 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba, aka sallame su. Wancan gwaji na sanin darasi ne, kuma har yau ana muhawara a kansa. Fargabarmu ita ce kada wata rana wata gwamnati ta ɗauki rashin iya danna kwamfuta a matsayin rashin iya koyarwa, ta share ƙwararru da tsintsiya ɗaya.

Wanda ke ganin furfura da kwamfuta ba sa shan inuwa ɗaya, sai ya dubi Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero, Kano. An haife shi a 1956, ya yi karatunsa a zamanin tafireta, fanninsa na asali kuma koyar da kimiyya ne. A shekarun 1990, da ya ga kwamfuta ba ta san haruffan Hausa masu ƙugiya ba, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai ya zauna ya ƙirƙiro mata su, marubuta da masu ɗab'i suka amfana. Yana dab da cika shekara 60 aka naɗa shi shugaban Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, NOUN, wadda karatunta na nesa ne, ya riƙe ta daga 2016 zuwa 2021. Gemu dai ba ya hana ilmi.

Abin da ya rage a yi

Tun daga ƙarshen 2022 da manhajar ChatGPT ta fito, yaro na iya sa waya ta rubuta masa aikin gida cikin minti ɗaya, da Faransanci ko Turanci mai kyau. Malamin da bai san da wannan ba zai yi ta raba maki 18 bisa 20 ga na'ura. Wanda ya sani kuwa yana da tsohon magani a hannunsa, ya kira yaro gaban allo, ya miƙa masa alli, ya ce ya sake warware abin da ya kawo. Ido da ido ne ake gane wanda ya fahimta da wanda ya kwafa, kuma a wannan fage babu wanda ya kai wanda ya daɗe a aji.

Don haka kiranmu ga hukumomin ilmi, a Libreville ko Kano ko Maraɗi, shi ne a daina auna ci gaba da yawan kwalayen da aka sauke a harabar makaranta. A horar da dattawan malamai su kaɗai, nesa da idon ɗalibansu, a cikin makarantarsu, awa ɗaya ko biyu kowane mako har zango ya ƙare. A fara da abin da suke buƙata gobe da safe, wato shigar da maki da buga tambayoyin jarrabawa da tura darasi. A haɗa kowane dattijo da matashin malami guda, wannan ya nuna wa wancan na'ura, wancan ya nuna wa wannan yadda ake riƙe aji mai yara 80. A ɗauke musu kuɗin data, a kuma tanadi wutar rana ko da a ɗakin malamai ne kawai.

Ga su iyayenmu malamai kuma, muna roƙo cikin ladabi. Matambayi ba ya ɓata, kuma malamin da ya ce wa ɗalibinsa ya zo ya nuna masa, ya koyar da darasin da babu shi a littafi. Mu iyaye ma akwai namu, mu ja kunnen 'ya'yanmu cewa iya latsa waya bai mayar da su malamai ba, wanda ya ga Malam yana lalube ya matsa kusa ya taimaka cikin sirri. Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya sa su gama lafiya.